Malam A-Sake da Mutum Arba'in da Ɗaya

Assalamu alaikum.

Kafin komai ina neman afuwa. Ban isa in tsaya a nan ba, ga manya a zaune. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare, ban taɓa magana gaban mutanen da suka fi 'yan ajinmu yawa ba. Goggo, matar marigayi, ita ta ce in rubuta in karanta, kuma a layinmu ba a yi wa Goggo musu. Idan muryata ta yi ƙasa, na baya su yi haƙuri.

Ranka ya daɗe, Shugaban hukumar da ke sa ido kan yadda kamfanoni ke amfani da ƙirƙirarriyar basira, mataimakansa da sauran ma'aikata, wakilan kamfanoni, Malama shugabar makarantarmu, Goggo, 'ya'yan marigayi Yaya Babba da Auta, iyayenmu maƙwabta. Ina gaishe ku gaba ɗaya.

A ofishin hukumar, marigayi babban jami'in bincike ne. A layinmu kuwa Malam A-Sake muke ce masa, don ba a kawo masa abu ya karɓa a karon farko. Ko lissafin gida muka kai masa, amsa daidai ce, sai ya ce, "A sake, mu ga ko za ta fito haka." Ashe a ofis ma sunan ke nan, sai dai can a bayan idonsa ake faɗa.

Ya kasance mutum mai gwada abu da kansa. Zan ba da misali ɗaya, don shi na gani da idona.

Innata tela ce, shekararta goma sha shida a kan keke. Wani kamfanin ɗinka kayan ma'aikata ya nemi teloli. Ba mutum ke tantancewa ba. Lambar waya ake kira, na'ura ta yi tambayoyi shida, ta yanke hukunci. Inna tana da in'ina. Minti huɗu da ajiye waya saƙo ya shigo cewa ba ta dace ba. Ba wanda ya ga ɗinkinta. Abin da ta ce kawai shi ne, "To, har na'ura ma ta gaji da jirana."

Goggo ta zo karɓar rigarta ta ji zancen. Daga tsakar gidanmu ta ɗaga murya ta kan katanga: "Malam, fito, aikinka ya biyo ka gida!"

Ya zo da takarda da biro, ya rubuta amsoshin Inna kalma bayan kalma. Ya kira lambar ya karanta su a jere, na'ura ta ce ya dace. Ya sake kira, kalmomin nan dai, amma yana tsayawa a tsakiya yana ƙirga biyar da yatsunsa. Ta ce bai dace ba. Sau goma ya yi haka, biyar da sauri, biyar da jinkiri.

Auta ta ce, "Baba, kai da ko maɓalli ba ka iya sawa ba?"

Ya ce, "Ai maganar ke nan. Ban iya sa maɓalli ba, amma yau an ɗauke ni tela sau biyar."

Ya kasance ba ya ɗaga murya. Ranar da ya je kamfanin, Inna tana wurin. Manajan yana nan tare da mu yau, kuma shi ya ba ni izinin faɗin wannan. Ya ce wa Malam, "Mu saye muka yi, ba mu muka ƙera ba." Malam ya ce, "Wanda ya sayi kare, shi ke da alhakin ɗaure shi. Ranka ya daɗe, ga waya, ka amsa tambayoyin nan da kanka." Manaja mutum ne mai tunani kafin ya yi magana. Ya amsa a natse, yadda ya saba. Da saƙo ya shigo, Malam ya gyara tabarau ya karanta, ya ce, "Ka yi haƙuri, kamfaninka bai ɗauke ka ba." Inna ta ce ba wanda ya yi dariya sai da manaja ya fara.

Ya kasance ba maƙiyin na'ura ba ne. Da idonsa ya yi rauni, irin wannan basirar ce take karanta masa dogayen rahotanni, yana gyara mata inda ta yi kuskure. Kamfanonin ma bai ɗauke su abokan gaba ba. An ba shi shawarar a rufe wancan kamfani, ya ce teloli ɗari biyu ke ci a ciki. Abin da ya nema bai da yawa. A gaya wa mutum in na'ura ce za ta yi masa hukunci, kuma wanda ta ƙi yana da haƙƙin ya ce ɗan Adam ya duba shi. Mu da muke neman aiki, da mu da za mu nema gobe, don mu ya yi wannan.

Ya bi bayanan kamfanin ya gano mutum arba'in da ɗaya da aka ƙi saboda yanayin maganarsu. Akwai masu in'ina, akwai masu kunya, akwai wani dattijo mai ciwon numfashi. Kamfanin ya yarda zai kira su, kowa ya zauna a kan keke gaban shugaban teloli. Lauyansu ya ce sai da takardar umarni daga hukuma. Malam ya rubuta ta. Yana dubawa ya ga lambar wayar mutum ɗaya ba ta cika ba, ya ce a sake. A makon ne ciwo ya kwantar da shi. Ba zan ɓoye ba, shi ma ba zai so in ɓoye ba: da ya bari ta wuce haka nan, da tuni an sa mata hannu. Amma da mutum arba'in aka kira, ɗaya yana gida bai san dalili ba.

Goggo, kin yi haƙurin zama da mutumin da ko gishiri sai ya ɗanɗana sau biyu. Allah Ya ba ki ladan jinya. Yaya Babba, kai ne ka zauna a gefen gadonsa ka kira ofishin kamfanin har aka samo lambar da ta ɓace, don ya ƙi yin barci sai an samu. Auta, ba mu da abin da za mu ce miki. Ƙofar gidanmu a buɗe take.

Ranka ya daɗe Shugaba, takardar yanzu ta cika, tana ofishinka. Kamfanin zai rufe ɗaukar ma'aikata a ƙarshen watan nan, saura kwana goma sha tara. Bayan nan ko an sa hannu, babu gurbi. Innata tana cikin arba'in da ɗayan nan, gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa.

Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya ba hukuma wanda zai riƙe aikinsa da gaskiya. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Abu ɗaya ya rage, ranka ya daɗe. Mako uku da suka wuce na rubuta wa hukuma a kan wannan takarda. Amsa ta zo cikin minti ɗaya cewa an karɓi saƙona, babu sunan kowa a ƙasa, kuma daga nan ban ƙara jin komai ba. Ina neman izininka in sake rubutawa, wannan karon da hannuna, in kawo maka ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta. Idan kana cikin taro, zan jira a kan bencin waje.