Gumina ya ba da shaida

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga unguwar Ƙuba nake rubuto maka, bakina har kunne.

Dabino nake sayarwa. Likita ya ce in rage tumbi, sai na shiga gidan motsa jiki a unguwar Ƙiblatain. Ina cikin tuƙa keke aka kira La'asar, na tsallaka masallaci. Ina dawowa na tarar da takardar tara a gilashin motata, daga kamfanin da ke kula da filin ajiye motocin gidan. Wai an ga fitata, kasuwa na tafi na bar musu mota. Tarar ta kai ribata ta mako guda fa!

Na wuce ofishinsu kai tsaye. Ina ganin mudirin, wato manajansu, na gane shi, shi ne na hannun damana a sahun La'asar, wanda ya yi ta ja da jikinsa.

Na ce, "Ya shaihu, gumin da ya matsa maka a raka'a huɗu, nawa ne. Ga rigar ma ba ta bushe ba, in matso?"

Ya ce, "Tsaya nan, ya hajji." Yana dariya ya yaga takardar.

Ka gaishe min da abokaina 'yan dabinon Ƙuba. Ka ce musu su riƙa duba wanda ke gefensu a sahu.