Ranar da Na Ce a Cire Masa Na'urar

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamanmu masu daraja, likitoci, iyayena maza, da 'yan'uwana mata da ke can baya, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba ni wuri, ni da karatuna bai yi nisa ba.

Ranar da na gane abin da ya same ni, ina zaune a bakin gadon maigidana a asibiti. Ƙirjinsa na hawa yana sauka, hannunsa da ɗumi. Sai na mintsine shi a damtse, yadda nakan yi idan minsharinsa ya ishe ni. Da can cewa yake, "Haba baiwar Allah, ko ɗan sanda ai yakan yi sallama!" Ran nan ko gezau. Sai na lura ba shi ke numfashin ba, na'urar da aka jona masa ce.

Likita ya ce, "Mama, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta mutu. In kun amince, za mu cire na'urar." Na ce, "Likita, ya rasu ne ko bai rasu ba?" Ya ce, "A wurinmu ya rasu. Na addini kuwa, sai malamai."

Na kira limamin unguwarmu, wanda ya ɗaura mana aure. Ya ce, "'Yata, littattafan da na karanta ba su san wannan injin ba. Ina tsoron in ce miki e, ina tsoron in ce miki a'a." Ban ga laifinsa ba. Yayan maigidan ya ce, "Ai ke ce matarsa," ya fita amsa waya. Ni kaɗai na ce a cire.

Ko takaba ma ban san daga ina zan fara ƙirga ta ba, daga ranar da likita ya faɗa, ko daga ranar da aka cire. Na ɗauki ta ƙarshen, na zauna a ɗaki ina kallon takalmansa.

Malamai, ba cewa nake a sauya addini ba. Magabatanku sun amsa tambayoyin mutanen zamaninsu, a kan rijiya, a kan raƙumi, a kan matafiyin da ya ɓace. Ku amsa namu. Ku shiga ɗakin nan na asibiti, ku ga na'urar da idonku, ku zauna da likita ku tambaye shi har ku gamsu.

An ce mini wasu malaman sun riga sun yi wannan zama. In haka ne, maganarsu ba ta iso bencin asibitin da nake zaune ba. Ku kai ta can, ku kai wa limamin unguwa, da harshen da irina za ta gane.

Allah ya ƙara muku ilimi da tausayi, ya jiƙan mamatanmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Har yau ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini ko sakinsa na yi ya tafi ga Ubangijinsa, ko kuwa ransa na yanke. Amsar nan nake jira.

Na gode.