Tumaki a Fada

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu sha labari.

A tashar motar wani gari mai suna Panjakant na ji hirar wasu tsofaffin mata biyu da ba su san juna ba.

"Baiwar Allah, a kan dutsenku aka tono kufan fadar nan?"

"Mu ne. Har kwalta za a shimfiɗa mana saboda baƙi."

"Kwalta! Don 'yan tubalan nan? Fadar kan dutsenmu ta ninka taku, har da hasumiya."

"To, ku nuna wa masu tonon mana, Iya."

Iya ta ja tsaki. "Surukina ya kwashe tubalan, ya gina wa tumaki garke. Tanderuna ma da su aka yi."

"Ashe gurasar sarakuna kike ci!"

Ƙurunƙus. Ƙauyen ɗaya matar ya samu kwalta. Iya tana nan tana taka taɓo, tumakinta na kwana a fada.