Dutsen da ya yi kumfa a Dakusa

Tunkiyata na sayar na yi kuɗin mota, shekarar da gero ya ƙi a Dakusa. Lantana, ƙawata tun muna tallan ƙuliƙuli, ta sayar da gyaɗarta, muka hau mota ɗaya zuwa Yamai. Ke Rabi, ajiye wayar nan, labarin dutsen da kike goge kaushi da shi zan ba ku.

Gidan wata Madam muka samu aiki. Ni shara da goge-goge a falo, Lantana wanki a bayan gida, makullin ɗakin sabulu rataye a wuyanta. A falon nan akwai akwatin gilashi cike da ruwa da kifaye jajaye. Wai akwariyam. Ni dai randar Madam nake ce masa. Kifi ne ba na miya ba, sai ci da kallon mutane. Duk da haka na saba da su, in na taho da abincinsu sai su taru wajen yatsana.

Wata rana Madam ta sayo baƙaƙen duwatsu masu huji-huji kamar soso, irin da masu kuɗi ke zubawa gindin furanni. An ce wuta ce ta amayo su daga ƙasa. Tana so a jera wa kifin su samu maɓoya. Mai kula da kifin ya zo ya yi mana bayani, ni da Lantana muna tsaye.

“Kada ku ɗauko na lambu, an fesa musu magani. Waɗannan sababbin a goge su da buroshi da ruwa zalla, a jiƙa, a yi ta sauya ruwan har ya daina baƙi. Sabulu ko jabel, ruwan nan na cire tabon kaya, kada ya taɓa su. Dutsen nan abin da ya sha ba ya saki da wuri.”

Haka na yi. Na jiƙa su a baho bayan gida, kullum ina sauya ruwa. Da suka yi fes na shanya, washegari na jera su. Guda ɗaya ya yi saura, na jefa shi cikin kayana, na ce ƙafa ta samu magani.

Kafin la'asar kifin sun juya ciki sama.

“Ke Hajara, me kika sa musu?”

“Ruwa kawai, Madam.”

“Lantana, kin taɓa duwatsun nan?”

“Ni? Ina ruwan mai wanki da kayan falo, Madam.”

Ranar aka sallame ni. Lantana ta ɗaukar mini ƙunshi har tasha, tana kuka, tana cewa, “Yaya Hajara, Allah zai fitar da ke.” Har gurasa ta saya mini. Ina cikin mota ina sa mata albarka.

Na dawo ba tunkiya, ba tsaraba. Mata a bakin rijiya suna cewa ga wadda ta kashe kifin mutane. Ba a jima ba muka ji ƙanwar Lantana ta tafi Yamai, ita ke sharar falo. Ko a nan ban kawo komai a raina ba.

Sai ranar da na tuna da dutsen. Na tsoma shi a ƙwarya, na goga a dunduniya, sai ga kumfa fari fat. Na shinshina. Ƙanshin lemun tsami ne, sabulun nan da ke kulle a ɗakin wanki. Makullin ɗakin kuwa a wuyan Lantana yake.

Da salla Lantana ta zo gida da atamfa sabuwa, ta shigo gaishe ni. Na ba ta tabarma, na ba ta fura. Sannan na ajiye ƙwaryar ruwa gabanta, na saki dutsen a ciki. Kumfan ya taso kaɗan, ta dube shi, ta dubi ƙofa.

“Yaya, rana ta yi, bari in je.”

Ba ta sake taka gidan nan ba. Dutsen kuwa sai da damina ta wuce a kansa kafin ya daina kumfa. Miƙo shi nan, Rabi, tsagar dunduniya ta buɗe mini.