Farin Wandon Anatole

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa ta Bordeaux, wani saurayi ɗan gaye ya nuna wa tsohuwar da ke gefensa jarida.

"Iya, kin ga gidan zakaran tanis, Anatole Fauvel? Ɗaki talatin! Irinsu cikin kuɗi aka haife su."

"Cikin kuɗi? Farin wandonsa ɗaya ne tak, ɗan nan."

"Ke kika ƙirga masa?"

"Ni nake wanke shi! Kullum jajawur yake dawowa da ƙasar fili. Ranar kofinsa na farko ruwan sama ya hana wandon bushewa, na shanya shi bakin tandar mai burodi. Da danshinsa ya lallasa Ba'ingilishen nan, yana ƙamshin burodi."

"Kai, Iya! Da ya samu duniya ya tuna da ke?"

"Bikin 'yarsa za ni. Ya ce ba a farawa sai na iso."

"To mu zauna tare, ki ƙarasa mini tatsuniyar."

"Mu ga tikitinka. Ayya, taragon baya, na benci! Nawa na gaba ne, mai kujerar katifa. Ɗauko mini akwatina dai, ka raka ni bakin ƙofa."