Wasiƙar da Sanata Bai Gani Ba

A layin masu ban kwana da gawar Sanata Orville Brandvold, cikin zauren majalisar jiha, Loretta ta tsaya cak. Dattijon da ke bayanta ya yi gyaran murya.

"Baiwar Allah, layi ya tafi."

"Wuce abinka. Kunyar mamacin nake ji."

"Kunyar gawa?"

"Da ya goyi bayan dokar da ta karya farashin alkama, wasiƙa na rubuta masa, na kira shi maci amana, na yi masa mugun baki. Bayan shekara shida, yana jakada, aka kulle ɗana a can ƙasar. Da ƙafarsa ya je kurkukun ya fito min da shi, ya kawo min shi har gida. Shekara talatin ina tunanin ya san ni ce na rubuta wasiƙar."

Dattijon ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Ni na buɗe masa wasiƙu shekara goma sha tara. Ta zagi ba ta kaiwa teburinsa, kwandon shara nake jefa su."

"Tsakaninka da Allah?"

"Ko ɗaya bai gani ba."

Loretta ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara hularta, ta matsa gaba. "Allah ya yi maka albarka. Yau zan yi barci."

Sun kusa akwatin gawar sai ya sunkuyo. "Da koren biro, daga garin Minot, ko?"

Ta juyo a razane.

"Kwantar da hankalinki. Shi na ce bai gani ba. Ni kam har gobe zan iya karanto miki ita da ka."