Lambar Tana Zuwa Wayarsa

A bencin tashar mota, wata mata ta ga dattijon da ke gefenta yana ta fama da laftof.

"Baba, me ya same ta?"

"Wurin sauke manhajoji ne ya ƙi buɗewa, aikina duk ya tsaya. Na sa kalmar sirri, sai ta ce wai an tura lamba ta waya."

"To ai sai ka duba wayarka."

"Ba tawa take zuwa ba. Ɗana ne ya buɗe asusun da lambarsa."

"Kira shi mana ya karanto maka."

"Ba ya ɗaga kirana, tun ranar da na ce ya bar min gida."

"Ayya. To a cire nasa, a buɗe sabo da lambarka. Kawo in yi maka yanzu."

"Haka mai gyara ma ya ce."

"Shi ne ka ƙi?"

"Duk sanda na danna 'sake turawa', wayarsa tana ƙara, ko?"

"Ƙwarai, saƙo yana shiga."

"To bar min ita haka, 'yata."

Ya sake dannawa.